Zawarcin Nijar da Tsaron Iyakar Katsina

A daren 31 ga Maris 2025, wayewar garin 1 ga Afrilu, sojojin Aljeriya suka kakkaɓo wani jirgi maras matuƙi na sojojin Mali a kusa da Tinzawatan, wani ɗan gari a bakin iyakar ƙasashen biyu, can tsakiyar Sahara. Jirgin ƙirar Turkiyya ne. Aljeriya ta ce ya keto mata sararin samaniya, Mali ta ce sam, a cikin ƙasarta aka harbo shi. Kafin mako ya zagayo, Mali da Burkina Faso da Nijar sun kira jakadunsu gida daga Aljeriya, ita ma ta rama. Watan bai ƙare ba sai ga ministocin harkokin wajen ƙasashen nan uku a fadar Sarkin Maroko a Rabat, ana yi musu lale marhabin.

Na san mai sayar da hatsi a kasuwar Jibiya ko dillalin shanu a Mai'aduwa zai ce ina ruwansa da wannan. Da ruwansa kuwa, har iya wuya. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, ƙasashe ke ta rububin zawarcin Jamhuriyar Nijar, wannan ya zo da makamai, wancan ya zo da alkawarin tashar jiragen ruwa, wani ya zo da masu horar da soja. Na bi labarinsu ɗaya bayan ɗaya, ban ga wanda ya zo don dajin da ke tsakanin Jibiya da Madarunfa ta jihar Maraɗi ba, inda ake kashe mutanenmu ana kora musu shanu. Ƙasashe biyu kacal wannan daji ya dama, Najeriya da Nijar, su ne kuma suka fi kowa wahalar zama wuri guda.

Mu fara da Aljeriya da Maroko, domin rigimarsu ce aka fi rashin sani a nan, ita ce kuma ta fi daɗewa. Ƙasashen nan ba sa ga maciji da juna. Iyakarsu a rufe take tun 1994, a watan Agusta 2021 kuma Aljeriya ta yanke hulɗar jakadanci baki ɗaya. Tushen faɗan shi ne Yammacin Sahara, yankin da Maroko ke cewa nata ne, Aljeriya kuma na goyon bayan ƙungiyar Polisario mai neman ya zama ƙasa mai cin gashin kanta. Duk inda ɗaya ta sa ƙafa a Afirka, ɗayar na biye tana neman ture ta. Shekara da shekaru Aljeriya na ɗaukar kanta a matsayin babbar yayar Sahel. Ita ta shiga tsakani aka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ta 2015 tsakanin gwamnatin Mali da 'yan tawayen arewa, ita ce kuma a Agusta 2023 ta fito fili ta ce ba ta yarda a kai wa Nijar yaƙi ba, ta kawo shawarar riƙon ƙwarya na wata shida. Sojojin Yamai ba su karɓa ba. A Janairu 2024 sojojin Bamako suka yi fatali da yarjejeniyar 2015 ɗin, suna zargin Aljeriya da katsalandan.

Maroko ta ga ƙofa ta buɗe, ba ta yi sanya ba. A ranar 6 ga Nuwamba 2023 Sarki Muhammad na Shida ya yi jawabi ya ce zai ba ƙasashen Sahel marasa gaɓar teku hanyar fita zuwa Tekun Atlantika. A Disamba aka tara ministocin Mali da Nijar da Burkina Faso da Chadi a Marrakesh. Magana ce mai daɗin ji ga ƙasar da aka rufe wa iyakoki a lokacin. Sai dai tashar da ake nuna musu ita ce ta Dakhla, wadda ke cikin Yammacin Saharar da ake rigima a kai. Duk ƙasar da ta ɗauko kayanta ta can, ta amsa cewa yankin na Maroko ne ko da ba ta buɗe baki ba. Ga kuma nisa: kafin kaya su taso daga Dakhla su iso Maraɗi sai sun ratsa dubban kilomitoci ta Muritaniya da Mali, ta cikin yankunan da su kansu sojojin Mali ba sa shiga sai da ayari. Ɗan kasuwar Maraɗi ya san Legas da Kwatano sun fi masa kusa nesa ba kusa ba.

Kada a ɗauka Aljeriya wata duniya ce mai nisa da mu. Matan Kance da Matamai, garuruwan da ke arewa da Daura kaɗan, sun daɗe suna tsallaka Sahara zuwa can neman na abinci. A Oktoba 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, yawancinsu mata da yara daga wannan yanki, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Har yanzu kuma Aljeriya na kwaso baƙin haure tana zubarwa a bakin iyaka, su tako da ƙafa zuwa Assamaka, kuma a cikinsu akwai masu jin Hausa daga ɓangarorin iyakar nan biyu. Idan Yamai da Aljeriya suka ɓata, waɗannan bayin Allah ne na farko da ke ji a jikinsu.

Turkiyya ita ciniki ta zo yi, kuma ba ta ɓoye ba. Tun zamanin Bazoum ta sayar wa Nijar jirage marasa matuƙa samfurin Bayraktar, ta sayar wa Mali da Burkina Faso, mu ma Najeriya muna cikin masu saye. A Yuli 2024 ta turo ministan harkokin waje Hakan Fidan da ministan tsaro da shugaban hukumar leƙen asiri a tafiya guda zuwa Yamai, har da ministan makamashi a cikin tawagar, wanda ya isa ya nuna cewa ido na kan abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Labarin Faransa da Amurka da Rasha kuwa kowa ya ji shi. Sojojin Faransa kimanin 1,500 sun gama ficewa a Disamba 2023. Amurka ta bar sansanin jiragenta na Agadas a Agusta 2024, bayan ta kashe masa sama da dala miliyan 100. Masu horarwa na Rasha sun sauka Yamai a Afrilu 2024.

To, me aka samu? Rahoton ta'addanci na duniya da aka fitar a 2025 ya nuna cewa fiye da rabin mutanen da ta'addanci ya kashe a faɗin duniya a 2024, a Sahel aka kashe su. A ranar 21 ga Maris 2025, ana cikin azumi, aka afka wa masallacin Juma'a a ƙauyen Fambita da ke jihar Tilaberi, aka kashe mutum 44. A Mali, inda sojojin hayar Wagner na Rasha suka iso tun ƙarshen 2021, an yi musu mummunar ɓarna a Tinzawatan a Yuli 2024, kuma daga Satumba 2025 masu iƙirarin jihadi suka riƙa ƙona tankokin mai a kan hanya har Bamako ta shiga ƙangin rashin fetur. Ba ina cewa Faransa ta yi abin kirki ba. Ta shafe kusan shekara goma da dubban sojoji a yankin, wutar kuwa sai ƙara ruruwa ta yi. Abin da nake cewa shi ne an sauya baƙi, talakan Tilaberi bai samu barci ba.

Yanzu sai mu dawo gida, inda maganar ta fi ciwo. Filin da waɗannan ƙasashe ke rububi a kai, mu muka bar musu shi. Kwana huɗu bayan juyin mulki, a ranar 30 ga Yuli 2023, shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, suka ba sojojin Nijar wa'adin mako guda, suka rufe iyakoki, suka ce ba su cire amfani da ƙarfi ba. Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga wurinmu take zuwa. Ɗaya daga cikin layukan nan daga Katsina yake tashi ya nufi Gazawa, ya ba Maraɗi da Damagaram wuta. Wanda ya rasa wutar nan ba janar ba ne, janar na da janareto. Mai sayar da ƙanƙara ne, da mai walda, da asibitin da ke ajiye allurar rigakafi a firji. Tireloli suka yi jerin gwano a Magama da Kwangwalam, albasa da tumatir suka ruɓe a kan mota. Sai a Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, aka buɗe iyaka a Maris. A lokacin aikin gama ya gama: an kafa ƙawancen AES na Mali da Burkina Faso da Nijar tun Satumba 2023, ƙasashen uku kuma sun sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairu 2024. Bazoum bai koma kujerarsa ba, ko daga tsare ba a sake shi ba.

Ya kamata a tuna su wa suka hana abin ya kai ga harbi. Majalisar Dattawa ta ƙi ba da goyon bayan yaƙi. Lokacin da sojojin Yamai suka ƙi ganin manzannin ƙasashe, Muhammadu Sanusi na Biyu ne ya samu ganin Janar Tiani, shugaban mulkin sojan Nijar, a ranar 9 ga Agusta, tare da Sarkin Damagaram. Bayansa tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta je aka saurare ta. Sai daga baya aka buɗe wa Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi ƙofa, bayan an mai da su daga filin jirgi a zuwansu na farko. Rawani da carbi ne suka buɗe ƙofar da takardar wa'adi ta rufe. Babu wata ƙasa a cikin masu zawarcin nan da ke da irin wannan mabuɗi. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake kiransa, domin zuriyar sarakunan Haɓe ne da suka bar birnin Katsina bayan jihadi a farkon ƙarni na 19. A Daura da Baure da Zango da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗan'uwa ko suruki a Magarya ko Matamai. Da Allah ya yi wa Muhammadu Buhari rasuwa a Yuli 2025, duk da tsamin dangantaka, Firaministan Nijar Ali Lamine Zeine ya zo Daura jana'iza.

Akwai masu cewa bai dace Najeriya ta yi hulɗa da sojan da ya hamɓarar da zaɓaɓɓen shugaba ba. Na fahimci damuwarsu, ni ma ba na goyon bayan juyin mulki, kuma tsare Bazoum da matarsa fiye da shekara biyu ba tare da shari'a ba zalunci ne. Amma Najeriya ba ta yanke wa Chadi komai ba a 2021 da sojoji suka ɗora Mahamat Deby bayan mutuwar mahaifinsa, saboda ta san tana bukatar sojojin Chadi a yaƙi da Boko Haram. Mu ma mun yi shekaru masu yawa a hannun soja, Nijar ba ta taɓa rufe mana ƙofa don ta koya mana dimokuraɗiyya ba. A lokacin yaƙin basasa, da Faransa ta karkata wajen Biyafara, Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya duk da cewa Faransa ce uwar gijiyarsa. Wanda ya yi maka wannan, ko ya yi laifi ba da duhu za ka hore shi ba.

Shi ma Janar Tiani yana da nasa kason. A ranar 25 ga Disamba 2024 ya yi doguwar hira da Hausa, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don a hargitsa ƙasarsa, har ya kira sunayen wurare da mutane. Nuhu Ribadu, mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, ya fito ya musanta. Zargi mai nauyi irin wannan hujja yake so a baje ta a fili, jama'a kuwa ba su ga an baje ba. Abin da ya biyo baya ya fi hirar muni: a Maris 2025 Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi. Gwamnatinsa ta hana fitar da hatsi a Oktoba 2024, ta cire Mali da Burkina Faso kawai, sannan gab da Babbar Sallar 2025 ta hana fitar da dabbobi. An ce don a saukar da farashi a gida ne. Amma makiyayin Nijar da ya saba kai ragunansa Mai'aduwa ya dawo da gero, shi ma ya ci asara daidai da dillalin da ke jiransa a wannan gefe.

Wanda ya ci ribar wannan zaman doya da manja shi ne ɗan bindiga. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, ta taɓa jihohi bakwai daga Kebbi har Borno. Ɓarawon daji ya san inda ikon sojan Najeriya ya tsaya, ya san inda na jandarman Nijar ya fara, a tsakanin nan yake zaune. Zai ɗauki mutum a ƙauyen Jibiya ya kwana da shi a dajin Maraɗi, ko ya kore shanu daga Madarunfa ya shigo da su ta Zurmi zuwa dajin Rugu. Bindigogin da suka watsu daga rumbunan Libiya bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, ta ƙasar Nijar yawancinsu ke gangarowa. Lakurawan da hedikwatar tsaro ta yi shelar ɓullarsu a Nuwamba 2024 a Sakkwato da Kebbi, ita kanta rundunar ta danganta ƙarfinsu da lalacewar sintirin haɗin gwiwa bayan juyin mulki. Tun 2019 dubun dubatan mutanenmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka gudu jihar Maraɗi, talakawan can suka raba ɗan abin da suke da shi da su. Ban taɓa jin an ambaci waɗannan mutane a taron Marrakesh ko a wata sanarwa daga Mosko ba, ban kuma ga laifin masu taron ba, domin ba 'yan'uwansu ba ne.

Shi ya sa raina ya ɓaci a Agusta 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, da na ga matasa a Kano da Kaduna da nan Katsina suna ɗaga tutar Rasha. Yunwar da ta fito da su gaskiya ce, fushinsu ma halal ne. Amma yaron da aka kori iyayensa daga Batsari ko Safana, me Rasha ta taɓa yi masa, me kuma za ta yi masa? A ɗaya gefen akwai manyanmu masu ganin ceto daga Amurka zai zo. A daren Kirsimetin 2025 Amurka ta harba makamai masu linzami cikin jihar Sakkwato, gwamnatinmu ta ce da saninta da haɗin kanta aka yi. Ko me mutum ke gani game da harin, ya kamata ya tambayi yadda aka kalle shi daga Yamai, a wurin mutanen da suka kori Amurka daga Agadas kuma suke zargin ana shirya musu wani abu daga kudu. Tun a Mayu 2024 wasu dattawan Arewa suka rubuta wa shugaban ƙasa suna gargaɗin kada a karɓi sansanonin da Nijar ta kora, gwamnati ta ce babu wannan magana. Ina fata ta tsaya a kan bakanta. Ranar da Najeriya ta zama sansanin wani ɓangare, Nijar ta zama ta ɗaya ɓangaren, ƙasar Katsina ce za ta zama fagen daga.

Abin takaicin shi ne Najeriya ba hannu rabbana take ba a wannan rububi. Aljeriya da Maroko duk iskar gas ɗinmu suke nema. Aljeriya na son bututun da zai ratsa Nijar ya tsallaka Sahara, mai tsawon sama da kilomita 4,000, an ma sake sa hannu a kan takardunsa a 2022 da farkon 2025. Maroko na son wanda zai bi gaɓar teku, wanda aka amince da shi a Disamba 2016 da Sarki Muhammad ya zo Abuja. Buhari ne ya karɓe shi, shi ne kuma a 1984, yana shugaban soja, ya amince da Yammacin Sahara a matsayin ƙasa. Bai janye wannan amincewa ba, kuma hakan bai hana shi ƙulla cinikin takin zamani da Maroko ba. Ke nan ana iya hulɗa da maƙiya biyu ba tare da an shiga rigar ɗaya ba. Ƙasar da ke riƙe da abin da kowa ke so tana da bakin da za ta ce: ku yi faɗanku a kan Yammacin Sahara, amma ba a ƙofar gidana ba.

An ɗan fara gyara. Janar Christopher Musa, babban hafsan tsaron Najeriya a lokacin, ya je Yamai a Agusta 2024 ya gana da takwaransa Janar Moussa Salaou Barmou, ministan harkokin waje Yusuf Tuggar ma ya je a Afrilu 2025. Amma ziyarar manya ba ta tare hanyar ɓarawo. Abin da ke tare ta shi ne kwamandan da ke Jibiya ya kasance yana da lambar wayar na Ɗan Isa a ɓangaren Nijar, da izinin kiransa da tsakar dare ba sai an jira Abuja da Yamai ba, da yarjejeniya a rubuce cewa wanda ya biyo sawun ɓarayi zai iya tsallaka iyaka ya ci gaba da binsu. An taɓa gwadawa. A Satumba 2019 gwamnonin Katsina da Zamfara da Sakkwato sun je Maraɗi sun zauna da gwamnan can a kan wannan matsala. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar ma tana nan tun 1971 da ofishinta a Yamai. Ba sabon gini ake nema ba. Gwamna Dikko Raɗɗa, wanda ya kafa dakarun tsaron al'umma a 2023, shi ya fi cancanta ya matsa wa Abuja ta sahale masa ya farfaɗo da wancan zama, ya tafi da Sarkin Katsina da Sarkin Daura, domin mun ga wanda ake buɗe wa ƙofa a can. Ita kuma gwamnatin tarayya ta faɗa da babbar murya cewa ko wane irin saɓani aka samu nan gaba, wuta da magani da abinci ba za su sake zama makami ba. Sai an ji wannan daga bakinmu za mu iya neman Yamai ta dawo rundunar Tafkin Chadi, ta kuma daina jifanmu da zargi ta talabijin.

Akwai ma abin da ba zai jira ba. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar a Fabrairu 2021 a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zai bi kafin ya tsallaka iyaka. Ƙarshensa ya ratsa daidai yankin da ɓarayin nan ke kai da komo. Mun ga abin da ya faru da jirgin Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022, a cikin ƙasa ɗaya, ƙarƙashin runduna ɗaya. Wannan kuwa ƙasa biyu zai ratsa. Wajibi ne sojojin ɓangarorin biyu su zauna su raba aikin gadinsa, tasha bayan tasha, tun kafin a sayar da tikitin farko.